Jirgin Ƙasa da Lafiyar Gari: Misalin Fagge da Sabon Gari

Tun kafin zuwan Turawa Fagge zango ce ta ayarin raƙuma. Da hanyar dogo ta iso Kano a 1911, sai dakon kaya ya koma hannun jirgin ƙasa, aka kuma kafa Sabon Gari a 1913 domin baƙin da aiki da ciniki suka kawo. Da jirgi aka riƙa kwashe dalar gyaɗa da fatu zuwa Ikko, tafiyar mil 700. Bayan da reluwe ta raunana, sai manyan motoci suka gaji wannan aiki. Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya san abin da ya biyo baya: cunkoso, da hayaƙi, da farfashewar kwalta.

Dalilin fifikon jirgi a sarari yake. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta turjewa kamar taya a kan kwalta, saboda haka kan jirgi guda yana jan kayan da sai motoci da dama za su ɗauka. Lissafin reluwe a Amurka ya nuna mota tana shan mai ninki uku zuwa huɗu na jirgi a kan kowane ton. Ƙarancin mai kuwa shi ne ƙarancin hayaƙin da ke cutar da ƙirji, yake kuma ɗumama duniya.

Amma fa wannan riba a doguwar tafiya take, ana iya zubar da ita a bakin tasha. Idan aka bar baƙin mai ya malala daga wurin gyaran injuna, ruwan sama zai kai shi kwata, kwata ta kai shi rafin Jakara, inda manoman lambu ke ban ruwa. Idan aka sauke kaya a tsakiyar gari, cunkoson da aka gudar yana nan daram.

Don haka tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, da hanyar Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, amana ce. Wajibi ne hukuma ta tsare sauke kaya a bayan gari, ta killace mai. Mu kuma talakawa mu daina gini da zubar da shara a kan dogo.