Ƙwayoyin Hanji da Kumburi: Binciken Ilya Mechnikov da Abin da Ya Biyo Bayansa



Da yawa daga cikinmu idan suka ji an ambaci bakteriya, ba abin da ke faɗo musu a rai sai cuta. Alhali kuwa lissafin da masana suka yi a 2016 ya nuna cewa jikin baligi lafiyayye yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, galibinsu a babban hanji. To, me ya hana su halaka mu, kuma me ke faruwa idan zaman ya ɓaci? Laccar yau za ta bi sawun mutumin da ya kafa harsashin wannan tambaya, don mu ga inda ya dace, da inda ya kauce, da abin da ya rage a gare mu.

An haifi Ilya Mechnikov a 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Karkif, wanda a lokacin yake cikin daular Rasha, yau kuwa yana ƙasar Yukren. Shi ba likita ba ne, masanin dabbobi ne. Ya koyar a jami'ar Odesa har 1882, sa'an nan ya ajiye aiki ya koma Mesina, a tsibirin Sisili na Italiya, inda ya ci gaba da nazarin ƙananan halittun teku. A can ne ya soka ƙaya a jikin ɗan wata halitta da ake kira tauraron teku, wanda jikinsa garau yake, ana iya ganin cikinsa da madubin ƙara girma. Da gari ya waye sai ya tarar waɗansu ƙwayoyin jiki masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ya gane cewa jiki yana da dakaru masu haɗiye duk wani baƙon abu, kuma irinsu ne fararen ƙwayoyin jininmu.

Wannan ganowa ta juya fahimtar likitoci game da kumburi. Kafin lokacin, akasari ana ɗaukar ja da zafi da kumburin da ke biyo bayan rauni a matsayin ɓarna kawai. Mechnikov ya ce a'a, alama ce ta cewa dakarun jiki sun fito fagen fama. A 1888 Louis Pasteur ya ba shi ɗakin bincike a cibiyarsa ta birnin Faris, inda ya zauna har ƙarshen ransa, kuma a 1892 ya buga laccocinsa a kan kumburi. Masanan Jamus sun daɗe suna jayayya da shi, suna cewa ruwan jini ne ke kashe cuta. Daga baya aka ga kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, har a 1908 aka raba lambar Nobel tsakaninsa da Paul Ehrlich na Jamus.

Annobar kwalara da ta auka wa Turai a 1892 ita ta karkato da hankalinsa zuwa hanji. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, mutane biyu za su sha ruwa ɗaya, ɗaya ya mutu, ɗaya ko ciwon kai. Ya sha ƙwayoyin kwalara da gangan, bai kamu ba. Amma wani da ya ba da kansa don gwajin, da ƙyar ya sha. Da ya koma ɗakin bincike sai ya ga waɗansu bakteriya suna hana ƙwayar kwalara yaɗuwa, waɗansu kuwa taimaka mata suke yi. Sai ya yanke cewa mazauna hanjin mutum suna da hannu wajen kamuwarsa ko tsirarsa. Wannan ita ce babbar dacewarsa.

Amma ya zarce da tunanin har ya wuce gona da iri. Ya ɗauka babban hanji rumbun ruɓa ne kawai, cewa bakteriyar cikinsa suna fitar da dafi mai jawo tsufa. A zamanin har wani likitan fiɗa na Landan, Arbuthnot Lane, ya riƙa yanke wa marasa lafiya babban hanji a kan irin wannan fahimta. Shi Mechnikov hanya mai sauƙi ya nema. A 1905 wani ɗalibi ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano ƙwayar da ke tsamar da madarar ƙasarsu, wadda yau ake kira Lactobacillus bulgaricus. Mechnikov ya haɗa wannan da labarin tsawon ran manoman Bulgeriya, ya rubuta a littafinsa na 1907 cewa tsamin da ƙwayar ke samarwa zai danne ƙwayoyin ruɓa. Shi kansa kullum sai ya sha madara mai tsami. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a 1916, yana da shekara 71, kuma ba a jima ba masu bincike a Amurka suka nuna cewa ƙwayar Bulgeriya ba ta iya kafa zama a hanjin mutum.

Duk da haka irin da ya shuka bai mutu ba. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Alfred Nissle na jami'ar Furaibog a Jamus ya lura da wani soja da atuni bai taɓa shi ba, alhali ya kwantar da abokansa. Ya ware wani nau'in Escherichia coli daga bayan gidan sojan, ya mai da shi magani mai suna Mutaflor. A Japan kuma Minoru Shirota ya ware tasa ƙwayar a 1930, wadda aka fara sayarwa da sunan Yakult a 1935. Irin waɗannan ne ake kira furobayotik, watau ƙwayoyi masu rai waɗanda idan aka sha su gwargwadon da ya isa za su amfani lafiya, kamar yadda kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya fayyace a 2001.

A cututtukan kumburin hanji ne rassan binciken Mechnikov guda biyu suka haɗu. Manyansu biyu ne: cutar Crohn, wadda aka bayyana a 1932, da gyambon babban hanji. Alamominsu gudawa mai daɗewa, sau da yawa da jini, da murɗar ciki da rama. Abin da ke faruwa shi ne dakarun jiki suna far wa mazauna hanji ba ƙaƙƙautawa, har yaƙin ya cinye bangon hanjin. A 2008 masu bincike a Faris suka nuna cewa masu cutar Crohn suna da ƙarancin wata ƙwaya mai suna Faecalibacterium prausnitzii, kuma da suka gwada ta a kan ɓeraye sai ta rage kumburi. Ita wannan tana cikin masu samar da sinadarin butiret daga abincin da cikinmu ba ya iya narkarwa, kamar dusar hatsi da ganye da wake, butiret kuwa shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji. Ashe wurin da Mechnikov ya ɗauka juji ne, gona ce.

To, ko furobayotik na warkar da kumburin hanji? A nan sai a yi hattara, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Gwajin da aka buga a 2004, a kan mutum 327 masu gyambon babban hanji, ya nuna ƙwayar Nissle ta yi daidai da maganin mesalazin wajen hana ciwon dawowa cikin shekara guda. A 2013 likitoci a Amsterdam suka zuba bakteriyar hanjin lafiyayyu a hanjin masu fama da gudawar Clostridium difficile mai yawan komowa, 13 daga cikin 16 suka warke tun a karon farko. Amma a 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta duba hujjojin da ke akwai, ta ba da shawarar kada a bai wa masu cutar Crohn ko gyambon babban hanji furobayotik sai a cikin gwajin bincike. Ma'ana, kowane nau'in ƙwaya sai an gwada shi a kan kowace cuta, kuma rubutun jikin kwalba ba hujja ba ne.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, gama nono da kindirmo da kamu duk aikin bakteriya masu tsami ne, dangin waɗanda Mechnikov ya yaba. Abinci ne mai kyau, muddin an tafasa madarar kafin ta kwana, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya. Sai dai abinci daban, magani daban. Wanda gudawa ta daɗe masa, ko ya ga jini, asibiti ya kamata ya nufa. Haka kuma shan maganin kashe ƙwayoyi barkatai ba tare da umarnin likita ba yana share masu amfani tare da masu cutarwa, ya bar wa irin su Clostridium difficile fili.

Ga ɗalibai kuwa, abin lura shi ne, gwaji ne ya tabbatar da maganar Mechnikov a kan dakarun jiki, gwaji ne kuma ya rushe maganarsa a kan tsufa. Ma'aikatan da ke ba da izinin sayar da irin waɗannan kayayyaki su ma da wannan ma'auni ya kamata su yi aiki.