Iskar Ƙarƙashin Daɓe: Darasi Daga Rumbun Rawayya

Duk wanda ya shiga gidan manomi a Rawayya, ko a ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe, zai tarar da rumbu ɗore bisa duwatsu, da sarari tsakaninsa da ƙasa. Wannan sarari yana da muhimmin aiki. Ƙasa tana fitar da danshi dare da rana, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa. Iskar da ke ratsa ƙarƙashin rumbu ita ke kwashe danshin kafin ya taɓa hatsi.

Wannan ƙa'ida ce magina suke bi a Ingila. A can tsofaffin gidaje da yawa daɓensu na katako ne, da sarari a ƙarƙashi, ga kuma bulo mai huda a gindin bango domin iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. Matsala takan taso idan maigida ya ƙara ɗakin gilashi na shan hantsi a jikin gida, ya zuba kankare ya toshe hudojin. Da zarar danshin katako ya haura kashi 20 cikin 100, sai wata fumfuna mai suna Serpula lacrymans ta samu wurin zama, ta ci katakon har ya ruɓe. Saboda haka gwanayen magina kan binne bututu a ƙarƙashin sabon daɓen, daga kowace huda zuwa waje.

A nan gida ma haka abin yake. Mutum ya ƙara ɗaki ko baranda dab da rumbu, ya cike gindinsa da ƙasa, iska ta rasa hanya. Gara takan hau, fumfunar Aspergillus flavus kuma ta kama gyaɗa da masara. Ita ce ke haifar da dafin aflatoksin mai jawo sankarar hanta, wanda aka gano bayan mutuwar talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960.

Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan cikin sauƙi. A shimfiɗa leda a ƙasa da yamma, a danne gefunanta da duwatsu, a ɗaga ta da safe. Ɗigon ruwan da za a gani a ƙarƙashinta shi ne ke taruwa a duk inda aka toshe wa iska hanya. Kafin a aza tubalin sabon ɗaki, sai a fara duba ta inda iska za ta bi, domin rigakafi ya fi magani.