Tikiti ɗaya, kamfani biyu: Yadda haɗin gwiwar jiragen sama ke kai matafiyan Maradi ƙetare

Ɗan kasuwar Baudeta ko Tasawa da ya nufi ƙetare ta filin jirgin Diori Hamani na Yamai, yana iya ganin lambar ET ta Ethiopian Airlines a tikitinsa, amma jirgin da ke jiransa na ASKY ne.

Wannan tsari ne na raba lambar tafiya: kamfani ɗaya ke tashi da jirgin, ɗayan kuma ya sayar da kujeru a cikinsa da sunansa. Da haka kamfani ke isa biranen da jiragensa ba sa sauka, ba tare da ya sayi sabon jirgi ba.

Tun da Air Afrique, wanda Nijar ke cikin ƙasashen da suka kafa shi a 1961, ya durƙushe a 2002, yankin ya shiga ƙarancin jirage. ASKY mai cibiya a Lome ya fara aiki a 2010 da goyon bayan Ethiopian, wanda shi ma ya shiga ƙawancen Star Alliance a 2011. ASKY na tattaro fasinjoji daga biranen Afirka ta Yamma zuwa Lome, inda Ethiopian ya buɗe hanyar New York a 2016.

Ribar fasinja ita ce tikiti ɗaya, kuma galibi kayansa na wucewa har zangon ƙarshe. Sai dai ƙa'idar nauyin kaya kan bambanta tsakanin kamfanonin biyu. Don haka, kafin a biya kuɗi, a tambayi mai sayar da tikiti wane kamfani ne zai yi jigilar.