Ruwan Kai Da Lambarsa A Littafin Asibiti

A cikin ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam Allah ya halicci waɗansu 'yan ɗakuna guda huɗu, waɗanda wani ruwa garai-garai yake ɓuɓɓugowa daga cikinsu dare da rana, kimanin rabin lita a kullum, ya kewaya ƙwaƙwalwa da laka, sa'an nan jini ya shanye shi. To, idan hanyarsa ta toshe, ko kuwa shanyewar ta gaza, sai ya taru ya yi ta danne ƙwaƙwalwa, in jariri ne maɗigarsa ta kumbura kansa ya yi ta girma, in kuwa babba ne wanda ƙashin kansa ya riga ya haɗe, sai ciwon kai da amai da dushewar gani. Tsohuwar cuta ce, domin Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus, ya yi bayaninta a cikin littafinsa Attasrif, yau wajen shekara dubu ke nan. Maganarmu a nan ta takarda ce, wato yadda ake mayar da wannan lalura lamba kafin a biya ladan wanda ya yi maganinta.

A Amurka, inda galibin kuɗin jiyya ta hannun kamfanonin inshora da gwamnati yake fitowa, asibiti ba ya karɓar ko anini sai ya gabatar da da'awarsa cikin lambobi, kuma akwai magatakarda na musamman waɗanda sana'arsu ke nan, ba su ga majiyyaci ba, ba su taɓa shi ba, iyakarsu karanta rubutun likita su fitar da lambar da ta dace. Madogararsu kundin rarraba cututtuka ne da ake kira ICD, wanda asalinsa jerin sababan mutuwa ne da Bafaranshe Jacques Bertillon ya tsara a 1893, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi riƙonsa a 1948. Amurkawa kuwa sun koma kan nasu faɗaɗɗen bugu na goma ranar 1 ga Oktoba, 2015.

Wanda ya zauna gaban faƙihi ya san ba ya yanke hukunci sai ya tambayi sababi, haka nan kundin nan yake, domin cutar da ido yake gani guda ɗaya ya watsa ta cikin babuka dabam-dabam. Wanda aka haifa da ita yana babin Q03, kuma in ƙuncin siririyar magudanar da ke tsakanin ɗaki na uku da na huɗu ne sanadi, lambarsa Q03.0, amma idan an haife shi da buɗaɗɗen ƙashin baya tare da ruwan, sai mas'alar ta tashi ɗungum ta koma Q05. Wanda ta same shi daga baya yana babin G91: G91.1 ga wanda hanyarsa ta toshe, G91.0 ga wanda hanyoyinsa suke buɗe amma ruwan bai shanyu ba, G91.3 ga wanda ta biyo bayan buguwar kai. Akwai kuma G91.2, ta tsofaffi, wadda likitan Kolombiya Salomón Hakim ya bayyana a tsakiyar shekarun 1960, mai alamomi uku: tafiya kamar an manne ƙafa da ƙasa, da kasa riƙe fitsari, da mantuwa, sau da yawa akan ɗauke ta rikicin tsufa ne, alhali kuwa wasu suna samun sauƙi in an janye ruwan. Can ƙarshe ga G91.9, mafakar wanda likitansa bai fayyace kome ba, lamba ce da masu biya suke yi wa kallon hadarin kaji.

Wannan duk sunan cuta ne kawai. Aikin da aka yi shi ma yana da kundinsa, CPT, na ƙungiyar likitocin Amurka, tun 1966. Sanya siririn bututu mai bawul daga ƙwaƙwalwa, a bi da shi ƙarƙashin fata har cikin ciki, lambarsa 62223. Kuma da yake bututun yakan toshe ko ya tsinke, gyaransa ko canza wani sashensa yana da tasa, 62230, lalacewar da kanta kuwa a kundin ICD tana babin T85.0, mai ɗauke da bututu lafiya lau kuma akan rubuta masa Z98.2. Lambar cuta da lambar aiki kamar shaidu biyu ne a gaban alƙali, in bakinsu ya saɓa da'awa ta faɗi, takarda ta dawo, wani lokaci har nauyin ya faɗo kan iyayen yaro. Tun 1983 kuma shirin Medicare na gwamnati yake biyan asibiti dunƙulallen kuɗi bisa rukunin da lambobin suka jefa majiyyaci, saboda haka ƙofar ha'inci a buɗe take ga mai son ƙara wa cuta nauyi a takarda, doka kuwa tana hukunta shi da tsanani. Shi ya sa aka haramta wa magatakarda kintace: ko ya ga alama ƙarara a hoton ƙwaƙwalwa, wajibi ne ya koma ya tambayi likita a rubuce, kuma a bakin masu sana'ar kullum za ka ji cewa abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.

A ƙasashenmu, inda mafi yawan iyaye daga aljihu suke biyan aikin, fa'idar lambar ta fi karkata ga ƙidaya, kuma a ganina nan ne kuskure ya fi tsada. Likita Benjamin Warf, da ya yi aiki a Mbale ta Uganda, ya nuna a 2005 cewa fiye da rabin yaran da ya duba ba da cutar aka haife su ba, ƙwayoyin cuta ne suka shiga ƙwaƙwalwarsu suna jarirai. Mu da muke cikin yankin sanƙarau, idan magatakarda ya ga jariri mai ƙaton kai ya rubuta Q03 ba tare da an binciki zazzaɓin da ya yi bayan suna ba, to a littafin hukuma yaron ya shiga sahun waɗanda aka haifa haka, kuma babu mai zuwa ya tambayi da me aka yanke masa cibiya.