Ganuwa Ba Ramin Ɗiban Ƙasa Ba Ce

Abin takaici ne yadda a garuruwan Arewa da dama ake ganin masu amalanke da masu tifa suna saran tsohuwar ganuwa da diga, suna kwashe ƙasarta domin buga tubali, wasu kuma suna cike gwalalo da shara. Ganuwa dai ita ce bangon ƙasa da ke kewaye gari, gwalalo kuwa shi ne ramin da aka haƙa a bayanta, wanda daga cikinsa aka ɗebo ƙasar ginin.

Hujjar da masu wannan ɓarna suke kafawa ita ce wai yaƙi ya ƙare, don haka ganuwa ta zama tudun da ba shi da mai shi. Wannan magana ce ta wanda bai san inda ya fito ba, domin ganuwa shaidar iyaka ce da ikon sarauta, kuma ta ƙofofinta ake sanin baƙo, ake karɓar kuɗin fito daga fatake. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa wajen 1472 kusa da Gaidam ta yau, ya zama kufai tun bayan harin masu jihadi na 1808, amma ragowar ganuwarsa, mai tsawon fiye da kilomita shida, ita ce ke nuna girman fadar Barno. Haka nan a ƙarni na 19 shugaban Badawa Lawan Babuje ya kewaye Gogaram da ganuwa domin jama'arsa su tsira daga farmakin maƙwabta, kafin fadarsu ta koma Gashuwa. Wanda ya rushe irin wannan gini ya goge shaidar da ba za a sake rubutawa ba. A Birtaniya kuwa, ganuwar kan iyaka da ake dangantawa da Sarki Offa na Marsiya (757 zuwa 796), mai gwalalo ta ɓangaren Wels, tana ƙarƙashin kariyar doka, har an yi mata hanyar masu yawon buɗe ido.

Ruwan sama da iska ma suna cin ganuwa, amma hannun mutum ya fi su sauri.

Saboda haka wajibi ne masu unguwanni da dagatai su hana ɗiban ƙasa a jikinta, su nuna wa magina kududdufin da za su ɗiba a wajen gari. Ƙananan hukumomi su daina yanka filaye a kanta, su dasa alamun iyaka, su ware wurin zuba shara dabam. Manomin da gonarsa ta yi iyaka da ita ya bar tazara kafin ya sa garma, wanda ya tsinci tsohon jan bulo ko tukunya a kufai kuma ya sanar da hakimi ko hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, kada ya kai kasuwa. Malaman makaranta su riƙa kai ɗalibai su taka ganuwar da ƙafarsu, domin yaron da aka nuna wa inda ƙofar garin kakanninsa take da wuya ya girma ya sa mata diga.