Waya Biyu, Rami Ɗaya: Abin da Ke Kayar da Sabis Duk da Tanadin Kamfanoni

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan lokaci guda daura da gaɓar Abidjan. Harkar banki ta tsaya cik ga ɗimbin jama'a a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Makonni biyu kafin nan, ranar 28 ga Fabrairu, miliyoyin masu layin MTN sun shafe sa'o'i ba kira ba data, kamfanin kuma ya ce wayoyinsa na fayiba ne aka yanke a wurare da dama. Ba rashin waya ta biyu ne ya jawo waɗannan ba. Akwai ta biyun, har da ta uku. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da aka bi da su.

Duk turken sadarwa da ka gani a bakin titi, sai ya miƙa kiran da ya karɓa zuwa babbar cibiya. A da, faranti ne ke yin wannan aiki ta iska, daga turke zuwa turke. Da 4G ya yaɗu, 5G kuma ya shigo Najeriya a 2022, lodin ya fi ƙarfin faranti, aka koma ga fayiba, zaren gilashi siriri kamar gashi wanda haske ke bi ta cikinsa. Waya guda takan ɗauki kayan turaku masu yawan gaske, don haka yankewarta ba ƙaramar ɓarna ba ce. Shi ya sa injiniyoyi ke shimfiɗa ta a siffar zobe: in an yanke ta gabas, saƙo ya juya ta yamma. A tsarin da aka gina da kyau, juyawar ba ta wuce kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, mai magana a waya ba ya ma sanin an yi.

Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, amma fa sai idan ba danga ɗaya ta haɗa su ba. A takarda za ka ga zobe cikakke, a ƙasa kuwa wayoyin biyu suna kwance a bututu ɗaya, ko su rabu na tsawon tafiya sannan su haɗu a gada ɗaya ko kwalbati ɗaya. Wani lokaci kamfani ya yi hayar layi daga dillalai biyu yana ganin ya tsira, ashe su biyun a wajen mutum ɗaya suka saro. Haƙorin katafila ɗaya ya isa ya kwashe duka. Abin da ya faru a teku ke nan: wayoyi huɗu, masu su daban-daban, amma mashigi ɗaya suka bi. Waɗanda suka tsira, irin su Glo-1 da Equiano na Google, su aka lafta wa lodin har aka kammala gyara bayan makonni.

Me ya sa ake gina irin wannan zobe na jeka-na-yi-ka? Kuɗi ne kan gaba. Hanya ta biyu ba ta kawo ko kwabo sai ranar da ta farko ta mutu, ga haƙa da tsada, ga kayan aiki da ake saye da dala. Ga kuma harajin izinin haƙa. An amince da Naira 145 kan kowace mita, Kaduna ma ta yafe shi ɗungurungum a 2020, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar ninkin-ba-ninkin haka. Wanda aka tatsa a hanya ta farko ba zai yi marmarin haƙa ta biyu ba.

Yankan kuma ba ya tsayawa. Hukumar sadarwa ta NCC ta ce an samu fiye da 50,000 a 2024, kusan 30,000 daga ciki sanadin aikin titi. Sauran akwai ɓarayi da ke tono suna zaton tagulla ce, akwai zaizayar damina, akwai masu haƙa magudana. Gyaran ma aiki ne na haƙuri. Ma'aikaci zai harba haske cikin zaren da na'urar da ke nuna masa nisan inda ya tsinke, ya tafi ya tono, ya tsuguna a gefen titi yana goge zare ɗaya-ɗaya yana narka bakinsu su haɗu. In wurin daji ne da ba a shiga bayan la'asar, sai a jira gari ya waye. Duk tsawon wannan lokaci zoben ƙafa ɗaya yake tsaye a kai, yanka na biyu kuma ba ya jiran a gama gyaran na farko.

Arewa ta fi kowa shiga wannan hali. Kusan duk wayoyin teku a Legas suke sauka, kafin su iso Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sai sun bi 'yan tsirarun manyan tituna, wasunsu an shafe shekaru ana aikinsu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 kuwa, ɗaukewar sabis ta wuce batun gaisuwa. Mai POS na zaune da na'ura a hannu tana juyi, mai awo ya riƙe buhu yana jiran alat, mai jinya na bakin kantin magani da kuɗi a asusu amma ba halin biya.

An ɗan motsa. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, wayar teku ta 2Africa ta sauka a Akwa Ibom baya ga Legas, gwamnati kuma ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba. Sai dai a ganina, hukunta mai yanka ba zai wadatar ba, tsawon waya ma ba shi ne ma'auni ba. Idan sabbin kilomitocin suka bi gefen titunan da tsofaffin suka bi, an ƙara wa katafila abin ci ne kawai. Ya kamata NCC ta riƙa neman taswirar ainihin inda kowace waya ta bi kafin ta yarda cewa gari yana da hanya biyu, ɗan kwangila kuma ya ga taswirar kafin ya kunna inji. Haka nan layin da ake ja ta Sahara, wanda zai haɗa Nijar da Aljeriya da Chadi da Najeriya, ya cancanci kulawar gwamnonin Arewa, domin shi ne zai ba Kano da Katsina mafitar da ba ta bi ta Legas ba.