Yadda za a ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka a kan babur ba tare da asara ba

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan Naira 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta ci gaba da hawa, ma'aikata da dama suka jingine motocinsu suka koma kan babur. Ko a Kano, inda aka hana acaba tun watan Janairun 2013, masu baburan kansu sun cika tituna. A wasu garuruwa da dama kuwa, har da Maraɗi da Damagaram inda ake ce masa kabu-kabu, babur ɗin haya shi ne abin hawan yau da kullum.

Malamin makaranta da ma'aikacin banki da ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, duk ana ganin su da safe kowa da jaka a baya, kuma sau da yawa kwamfuta ce a ciki. Kuɗinta, ko da ta hannu ce, kan ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Abin da ke cikinta kuma wani lokaci ya fi ta daraja.

Yawancin masu babur haɗari kawai suke tsoro, alhali kwamfuta kan lalace ko da ba a faɗi ba. Jijjigar hanya da matsi da zafi da ruwa suna cin ta a hankali, sai wata rana a buɗe a ga fuskarta ta tsage ko ta ƙi tashi, mai ita ya rasa dalili.

Abin da jijjiga ke yi wa kwamfuta

Kwamfutoci iri biyu ne ta fuskar ma'ajiyar bayanai. Tsofaffi, waɗanda har yanzu suke da yawa a kasuwannin kayan hannu, suna da faifai mai juyawa da ake kira HDD. Faifan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, kuma akwai wani ɗan hannu mai kama da allura da ke shawagi a samansa yana karanta bayanai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa. Idan babur ya faɗa rami alhali faifan na juyawa, allurar na iya gogar fuskarsa, kuma duk abin da ke rubuce a wurin ya tafi ke nan. Idan kwamfutar a kashe take, allurar kan koma gefe ta tsaya, faifan kuma ya fi jure bugu nesa ba kusa ba. Tun a 2003 kamfanin IBM ya sa wa kwamfutocinsa na ThinkPad wata na'ura da ke jin alamar faɗuwa ta janye allurar, wasu kamfanoni ma suka bi sahu, to amma an yi ta ne saboda faɗuwa guda daga kan tebur, ba don tafiyar rabin awa a kan hanya mai gargada ba.

Sababbin kwamfutoci suna da ma'ajiya ta SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Wanda ke hawa babur kullum, kuma kwamfutarsa na karɓar wannan ma'ajiya, ya fi masa sauƙi ya canza tun kafin faifan ya mutu da aikinsa a ciki. Sai dai SSD bayanai kawai take karewa. Jijjiga na ci gaba da kwance ƙananan kusoshi, tana sassauta wayoyin ciki, tana gajiyar da gaɓar da murfi ke buɗewa a kanta.

Shi ya sa kashe kwamfuta gaba ɗaya kafin a sa ta a jaka ya fi rufe murfi kawai. Rufe murfi barci yake sa ta, kuma kwamfutocin Windows da yawa kan farka da kansu a cikin jaka, fanka na juyawa babu iskar da za ta ja. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa a yi aiki da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 zuwa 35, kada kuma a ajiye su inda zafi ya wuce 45, baƙar jaka a cikin rana kuwa tana iya wuce hakan. Zafi na tsufar da batir, yana kuma sa shi kumburi. Idan aka ga wurin da ake jan yatsa ya ɗago, ko murfi ya daina rufuwa daidai, to batir ne ya kumbura, kuma bai kamata a ci gaba da yawo da shi ba, domin batirin litiyam da aka matse ko aka huda yana iya kama wuta.

A baya ko a kan babur?

Nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da hujja. Jikin mutum shi ne mafi kyawun matashi ga kwamfuta. Ƙafafu da ƙugu da baya suna shanye mafi yawan bugun hanya kafin ya kai ga jakar goyo. Amma abin da ya fi wa kwamfuta daɗi shi ne ya fi wa mai ita haɗari. Babur da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a daƙiƙa guda, kuma wanda ya faɗi da baya a irin wannan gudu zai sauka ne a kan faffaɗan abu mai tauri mai nauyin kilo biyu, da caja da duk wani ƙarfe da ke cikin jakar, a daidai ƙashin bayansa.

Idan kuma aka ɗaure jakar a kan kariyar ƙarfe ta bayan babur, mutum ya huta, kwamfuta ta shiga uku. Kariyar tana can ƙarshen babur inda tsalle ya fi yawa, babu soso, kuma duk motsin inji yana bi ta ƙarfen kai tsaye. Robar tayar da aka saba ɗaure kaya da ita ta dace da buhun masara, amma idan aka ja ta da ƙarfi a kan jakar kwamfuta sai ta danne murfin, gilashin ya tsage ta ciki ko ya yi tabo.

Abin da ya fi dacewa ya danganta da tafiyar. A cikin gari, inda tafiya gajera ce kuma ba a gudu, jakar goyo ta fi, muddin an rataya hannayenta biyu an kuma ɗame su har jakar ta manne da baya. Jakar da ke lilo tana jan mutum gefe a kwana, tana kuma dukan kujera a kowane tudu. Mai maɗauri a ƙirji ko a ƙugu ta fi tsayawa wuri guda. Idan tafiya mai nisa ce a babban titi, gara a sauke ta daga baya a kwantar da ita a kan kujerar fasinja, inda akwai soso, a shimfiɗa bargo ko darduma a ƙasa da sama, a ɗaure ta yadda ba za ta zame ba amma ba tare da an matse tsakiyarta ba. Kada a bari ta rataya ta gefen salansa, kada kuma a sa ta a ƙarƙashin kujerar ƙananan baburan nan, domin wurin yana kusa da inji.

Shirin cikin jakar ma yana da nasa tasiri. Filogi mai baki uku da ake amfani da shi a Najeriya babban abokin gaban fuskar kwamfuta ne, idan ya jingina da murfi, bugu ɗaya ya isa. Kwamfuta ta kasance a aljihun da ke manne da baya, murfinta na fuskantar bayan mutum, caja da makullai da gorar ruwa kuma su koma wani aljihun. Kada a manta biro ko abin sauraro a tsakanin murfi da madannai. Jaka mai kyau aljihun kwamfutarta ba ya kaiwa ƙasa, saboda ko an dire ta da ƙarfi kusurwar ba za ta bugu ba. Wanda tasa ba haka take ba, ya ninke tawul ko tsohuwar riga ya sa a gindin, dabarar da ba ta cin ko sisi.

Wanda aka goya

Lamarin fasinja daban ne. Idan ya rataya jakar a baya, tana zama a saman kariya tana dukan ƙarfe, tana jan sa baya duk lokacin da aka taka wuta, kuma ba ya ganin mai miƙo hannu. Gara ya juyo da ita gaba, ta zauna a cinyarsa, ya bar 'yar tazara tsakaninsa da direba don kada birki ya matse ta. Al'adar miƙa wa ɗan acaba jaka ya ɗora a kan tanki ba ta da kyau, domin tankin na da santsi, jakar na hana shi juya kan babur yadda ya kamata, kuma mai kaya ya rabu da kayansa.

Igiyoyin jaka da ke reto a tattare su, kamar yadda ake tattare babbar riga ko hijabi, domin idan suka shiga taya ko sarƙa ba kwamfuta kaɗai za a yi asara ba. Jakar kafaɗa ɗaya kuwa, musamman mai ɗauke da tambarin kamfanin kwamfuta, tana tallata abin da ke cikinta. Masu fizge a kan babur sukan ja ta da gudu, kuma idan igiyar ta ƙi tsinkewa, mai ita ne ke bin ta ƙasa. Tsohuwar jakar makaranta da ba ta ɗaukar ido ta fi aminci. Idan kuma aka tare mutum da makami, a saki jakar.

Damina da hunturu

Yawancin jakunkunan kasuwa suna jure yayyafi ne kawai, ruwan Agusta kuwa ta zif yake shiga. Babbar leda mai kauri da za a sa kwamfutar a ciki a naɗe bakinta, sannan a sa a jaka, ta wadatar. Idan ruwa ya riga ya shiga, babban kuskure shi ne a kunna don a ga ko tana aiki, domin wuta ce ke ƙona kayan cikin da suka jiƙe. A bar ta a kashe, kada a sa caji, a cire batir idan mai ciruwa ne, a kai wa mai gyara ya buɗe ya busar. Binne ta a cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ke ciki. Da hunturu kuma ledar nan ce dai ke tare ƙura, wadda kan toshe fanka har kwamfuta ta riƙa zafi tana mutuwa da kanta.

Saura batun bayanai. Mai gyara na iya canza gilashi da batir, amma ba zai dawo da kundin da aka shekara ana rubutawa ba idan an sace kwamfutar. Google Drive na ba da wurin ajiya na gigabayit 15 kyauta, wanda ya ishi takardu masu yawa. Wanda ya fi son filas, ya sa shi a aljihun rigarsa, domin wanda ke cikin jaka tare da kwamfuta zai tafi. Ma'aikacin da ke ɗauke da bayanan ofis ko na abokan ciniki ya kunna tsarin kulle bayanai, wato BitLocker a Windows ko FileVault a kwamfutocin Apple, ya rubuta lambar buɗewar a takarda ya ajiye a gida.